Manhaja ɗaya, asibiti biyu, sakamako daban: yadda masana ke auna amfanin kwamfuta a kiwon lafiya

A watan Oktoba na shekarar 2002, asibitin yara na birnin Pittsburgh a Amurka ya daina rubuta magani a takarda. Cikin kwana 6 aka mayar da komai kan kwamfuta: likita ya shigar da umarninsa, na magani ne ko na gwaji, saƙon ya wuce kai tsaye zuwa sashen da zai aiwatar. Bayan shekara uku wasu likitocin asibitin suka wallafa abin da suka gani a mujallar Pediatrics, kuma rahoton ya girgiza duk mai bibiyar wannan fanni. Cikin yaran da ake kawowa daga wasu asibitoci domin kulawa ta musamman, kashi 2.8 cikin 100 ne ke rasuwa kafin zuwan manhajar. Bayan zuwanta adadin ya koma kashi 6.57.

Da shekara ta zagayo, asibitin yara na Seattle ya fitar da nasa rahoton. Manhajar kamfani ɗaya suka saya, su ma yara suke jinya a sashen kulawa ta musamman, amma ba su ga ƙarin mace-mace ba. Tun kafin duka wannan kuma, a 1998, David Bates da abokan aikinsa sun nuna cewa a asibitin Brigham and Women's na Boston, rubuta magani ta kwamfuta ya rage manyan kura-kuran ba da magani da kashi 55 cikin 100. To wanne za a ɗauka? Abin yana ceton rai ne, ko yana jawo asarar rai, ko kuwa bai hana ba bai sa ba?

Sai an shiga ɗakin da aka yi jinyar yaran Pittsburgh kafin a gane. A da, tun motar asibiti tana hanya likita ke rubuta abin da za a buƙata, yaro na isowa an riga an haɗa allura an rataye ruwa. Sabon tsarin ya hana shigar da kowane umarni sai yaron ya iso an kuma kammala yi masa rajista. Umarnin da ake rubutawa da biro cikin daƙiƙoƙi ya koma cin minti ɗaya zuwa biyu, domin kowanne sai an yi ta danne-danne kusan sau goma. Magungunan gaggawa da ke ajiye kusa da gado, irin masu ɗaga hawan jinin da ya faɗi da masu kashe ƙwayoyin cuta, an tattara su an mayar sashen ba da magani. Har ta kai sai likita ɗaya ya zauna gaban kwamfuta yana shigar da umarni, wani yana kan yaron. Su kuwa na Seattle, sun zauna da likitocin sashen tun kafin a fara, suka tanadi jerin umarnin gaggawa a haɗe, ta yadda ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. An soki binciken na Pittsburgh, kuma sukar tana da tushe: sun kwatanta wata 13 na baya da wata 5 kacal na bayan sauyin, alhali cututtukan yara suna bin yanayin shekara. Duk da haka abin da ya fito fili ya zauna. Ba manhajar kaɗai aka gwada ba; an gwada ta ne tare da dokokin asibitin, da wurin ajiye magani, da gaggawar da aka yi wajen sauyin.

A nan gizo ke saƙar a duk binciken da ake yi kan fasahar sarrafa bayanai a kiwon lafiya. Idan ana gwada ƙwayar magani, abin da majinyaci ya haɗiya a wannan gari shi ne wani ya haɗiya a wancan, sinadari ɗaya, nauyi ɗaya. Manhaja ba haka take ba. Ba ta taɓa jikin marar lafiya. Tana taɓa yadda likita da ma'aikaciyar jinya da mai haɗa magani suke aiki ne, sannan aikin nasu ya taɓa marar lafiya. Kowane asibiti kuma da yadda yake tafiyar da aikinsa. Shi ya sa masu wannan bincike suke haɗa likitoci da masana kwamfuta da masana lissafin ƙididdiga, har da masana halayyar jama'a da kan shafe makonni a tsaye cikin ɗakin marasa lafiya, suna kallon wa ya yi magana da wa, wa ya tashi daga kan gado ya koma kan allo.

Fannin ba sabo ba ne. Tun 1959 Robert Ledley da Lee Lusted suka wallafa maƙala a mujallar Science kan yadda za a iya mayar da tunanin likita wajen gano cuta zuwa lissafi. A 1972, a birnin Leeds na Ingila, likitan tiyata Tim de Dombal ya gwada wata manhaja kan masu ciwon ciki mai tsanani, ta dace da ainihin cutar a kusan kashi 92 cikin 100, manyan likitoci kuma suka tsaya a kusan kashi 80. Da aka ɗauke ta aka kai wasu wurare, inda yawan cututtukan da yadda ake tambayar majinyaci suka bambanta, ƙoƙarinta ya ragu sosai. A Jami'ar Stanford kuma an gina wata manhaja mai suna MYCIN domin ba da shawara kan maganin ƙwayoyin cuta, ta yi abin a zo a gani a gwaji, amma ba a taɓa amfani da ita wajen jinyar yau da kullum ba.

Wanda na fi ganin ya kafa tubali shi ne Clement McDonald na Cibiyar Regenstrief da ke Indiana. A 1976 ya nuna cewa idan kwamfuta ta tunatar da likita abin da ya kamata ya duba, yakan ɗauki mataki a kashi 51 cikin 100 na lokutan, idan babu tunatarwa kuma kashi 22. Da aka janye tunatarwar, likitocin suka koma yadda suke a da. Fassarar da ya yi wa wannan ita ce ba rashin sani ke damun likitocin ba, yawan abin da ƙwaƙwalwar mutum ɗaya za ta riƙe a lokaci ɗaya ne yake da iyaka. Har yau mafi ƙarfin hujjar da ake da ita kan amfanin kwamfuta a asibiti tana nan ne, wato a kan ayyuka ƙanana masu maimaituwa: tuna rigakafi, hana rubuta maganin da jikin mutum ba ya so, kawar da rubutun hannun da ba ya karantuwa, lissafa adadin magani daidai da nauyin yaro.

Amma daga ina hujjar take fitowa, kuma wa ya kawo ta? A 2006 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Basit Chaudhry ta tattara nazarce-nazarce 257 kan wannan batu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun fito ne daga cibiyoyi huɗu kacal a Amurka, waɗanda suka shafe shekaru suna gina manhajojinsu da hannunsu, likitocinsu na zaune da masu rubuta manhajar ana gyara kullum. Nazari 9 ne kawai suka duba manyan manhajojin da kamfanoni ke sayarwa, alhali su ne kusan kowane asibiti zai saya. Shekara guda kafin nan, Amit Garg da abokansa sun duba gwaje-gwaje 100 na manhajojin da ke ba likita shawara. Inda masu binciken su ne suka ƙirƙiri manhajar, kashi 74 cikin 100 sun ba da rahoton nasara. Inda wasu daban suka auna, kashi 28 ne. Ba lallai ba ne a ce an yi maguɗi. Wanda ya gina abu yana nan kusa, yana horar da mutane, yana gyara matsala tun kafin ta girma, shugabannin asibiti kuma suna jin maganarsa. Sai dai asibitin da zai saya daga baya ba za a haɗa masa da wannan mutumin ba.

A cikin nazarin na Garg akwai adadin da ya fi damuna. Manhajojin sun gyara aikin likita a kashi 64 cikin 100 na gwaje-gwajen. Amma cikin 52 da suka duba ko majinyacin kansa ya samu sauƙi, 7 ne kawai suka ga haka. Likita ya ƙara yawan gwajin da yake rubutawa, ko ya cike gurbin da ake so ya cike, wannan abu ne mai sauƙin ƙirgawa cikin wata uku. Ko hawan jinin mutum ya sauka, ko bai sake dawowa gado ba, ko ya rayu, wannan yana buƙatar mutane da yawa da lokaci mai tsawo da kuɗi. Don haka mafi yawan bincike yakan tsaya a na farkon, masu karanta labarin kuma su ɗauka na biyun aka tabbatar.

Gwamnatoci ba su jira an warware wannan ba. A 2009 Amurka ta kafa dokar HITECH, ta ware biliyoyin daloli domin asibitoci da likitoci su koma ajiye fayil ɗin marasa lafiya a kwamfuta. A 2008 ƙasa da kashi 10 cikin 100 na asibitocin ƙasar ne ke da irin wannan tsari; kafin shekara goma sun haura kashi 90. Ingila ta fara nata gagarumin shirin a 2002 da nufin haɗa dukkan asibitocin gwamnati a tsari ɗaya, aka wargaza shi a 2011, kuɗin da aka ƙiyasta ya ci ya kusan fam biliyan 10. Bayan kafuwar manhajojin ne aka fara auna abin da ba a yi tunaninsa da farko ba. Christine Sinsky da tawagarta sun bi likitoci 57 da agogo a hannu, suka wallafa a 2016 cewa duk awa ɗaya da likita ya yi fuska da fuska da majinyaci, yakan yi kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur. Wani nazari na 2006 kuma ya tattaro cewa likitoci na tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na gargaɗin da kwamfuta ke yi kan haɗarin magani. Gargaɗin da ke fitowa sau ɗari a yini, mafi yawansa kan abin da likita ya riga ya sani, yakan koya wa hannu danna "wuce" kafin ido ya karanta, ranar da na gaskiyar ya zo ma haka za a yi masa.

Me ya sa ba za a yi irin gwajin da ake yi wa magani ba, a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu a hana wasu? Ana yi, amma da wahala. Likitan da kwamfuta ta tunatar a kan majinyaci na farko ba zai manta ba idan na biyu ya shigo, ko da shi na biyun yana rukunin da ba a yi wa tunatarwa. Dole sai a raba asibitoci ko sassa maimakon mutane, wannan kuma yana buƙatar asibitoci da yawa. Wata dabarar ita ce a riƙa kunna manhajar sashe bayan sashe, ƙuri'a ta zaɓi wanda zai riga wani, waɗanda ba a kai gare su ba tukuna su zama abin kwatance. Ga kuma matsalar lokaci: daga neman kuɗin bincike zuwa wallafa sakamako ana iya cin shekara biyar, kafin nan an sabunta manhajar sau da dama, wayar da aka gwada ta a kai ma an daina yayinta.

Labarin saƙon tes ga masu shan maganin cutar ƙanjamau ya nuna abin da gwajin ƙuri'a ke iya koyarwa idan an maimaita shi. A 2010 mujallar Lancet ta wallafa gwajin da Richard Lester ya jagoranta a Kenya kan mutum 538. Duk mako ana tura musu gajeren saƙo na tambayar lafiya, ana so su amsa cikin kwana biyu. Wanda ya ce akwai matsala, ko ya yi shiru, ma'aikaciyar jinya za ta kira shi. Kashi 62 cikin 100 na masu samun saƙon sun riƙe shan maganinsu yadda ya kamata, a ɗaya rukunin kashi 50, kuma an ga bambancin har a gwajin jini. Duniya ta ɗauka cewa saƙon tes magani ne. Sai aka gwada a Yawunde ta Kamaru kan mutum 200 da saƙonnin ƙarfafa gwiwa, ba a ga bambanci ba. Aka gwada a Indiya kan mutum 631 da kiran waya na na'ura da saƙon hoto har kusan shekara biyu, nan ma babu. A ganina abin da ya yi aiki a Kenya shi ne sanin da majinyaci ya yi cewa akwai mutum a ɗaya ɓangaren da zai lura idan ya yi shiru. Wayar hanya ce kawai, kuma wanda ya kwafi hanyar ya bar ma'aikaciyar jinyar bai kwafi komai ba.

A waɗannan shekarun ƙananan ayyukan gwaji na lafiya ta wayar salula suka yi yawa a ƙasashe masu tasowa, kowace ƙungiya da tata manhajar, babu wadda ke magana da wata, kuɗin tallafi na ƙarewa aikin ya mutu. Abin ya ishi Yuganda har a 2012 ma'aikatar lafiyarta ta dakatar da sababbin ayyukan irin wannan sai an daidaita su. Akwai kuma waɗanda suka bi wata hanya dabam. Masu bincike na Jami'ar Oslo sun fara aiki da ma'aikatan lafiya na gundumomi a Afirka ta Kudu tun tsakiyar shekarun 1990, suna gini suna gwadawa tare da masu cike rajistar da kansu, bisa fahimtar cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan manhajar DHIS2 ta samo asali, wadda yau ma'aikatun lafiya na ƙasashe sama da 70 ke tattara alƙalumansu da ita.

Yanzu hankali ya koma kan ƙirƙirarriyar basira, kuma tsohuwar matsalar ce ta dawo da sabon kaya. Yawancin maƙalun da ake wallafawa suna bin salo ɗaya: a tara dubban hotuna ko fayiloli na baya, a horar da manhaja da kaso mafi yawa, a gwada ta da ragowar, a sanar da cewa ta kamo ƙwararru ko ta wuce su. Matsalar ita ce manhajar ba ta san abin da ake so ta koya ba. Duk abin da zai kai ta ga amsa daidai shi take kamawa. A 2018 John Zech da abokansa sun horar da wata don gano ciwon nimoniya a hoton ƙirji. Suka tarar tana iya gane asibitin da hoto ya fito kusan ba kuskure, har tana lura da ɗan ƙarfen da masu ɗaukar hoto ke ɗorawa a kusurwa don nuna hagu da dama, wanda kowane asibiti da yadda yake ajiye nasa. Tunda a asibiti ɗaya kusan kashi 34 cikin 100 na hotunan masu nimoniya ne, a ɗayan kuma kashi 1 da ɗan ɗoriya, gane asibitin kaɗai ya isa ya ba ta maki mai yawa ba tare da ta dubi huhu sosai ba. Lokacin annobar korona an yi ta fitar da irin waɗannan manhajoji. Wata tawaga daga Jami'ar Cambridge ta tace maƙalu sama da 2,000, ta zauna da 62 ta duba su dalla-dalla, ta ce a 2021 babu ko ɗaya da ta kai a yi aiki da ita a asibiti. Wasu ma hotunan yara suka sa a matsayin waɗanda ba su da korona, na manya a matsayin masu ita, sai manhajar ta koyi bambanta yaro da babba.

Akwai lissafin da ya kamata duk mai karanta irin waɗannan labarai ya riƙe. Mu ƙaddara akwai majinyata 1,000, 20 daga cikinsu ne ke da cutar da ake nema. Manhaja tana kama kashi 90 cikin 100 na masu cutar, wato 18. Tana kuma kuskuren zargin kashi 10 cikin 100 na marasa ita, wato 98 daga cikin 980. Ƙararrawa za ta kaɗa sau 116, sau 18 ne kawai na gaskiya. A takarda an rubuta kashi 90, a ɗakin jinya kuwa ma'aikaciya ta tashi sau shida kafin ta dace da ɗaya.

Haka aka gani a zahiri da manhajar kamfanin Epic mai hasashen sefsis, wato yanayin da jiki ke mayar da mummunan martani ga ƙwayoyin cuta har gaɓoɓi su fara gazawa. Ɗaruruwan asibitocin Amurka sun riga sun kunna ta kafin masu bincike na Jami'ar Michigan su auna ta da kansu a kan kwanciyar asibiti 38,455, su wallafa a 2021. Ta kasa gano kashi 67 cikin 100 na waɗanda suka kamu, alhali ta yi gargaɗi a kan kashi 18 cikin 100 na dukkan waɗanda aka kwantar. Daga baya kamfanin ya sake mata fasali. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a nan shi ne tsarin da ya bari abu ya shiga ɗaruruwan asibitoci kafin wani mai zaman kansa ya auna shi a fili. Da allura ce, babu wanda zai yarda da haka.

Ko manhajar da ta ƙware da gaske tana iya tuntuɓe a bakin ƙofa. Google ta horar da wata da hotunan cikin ido sama da 128,000 don gano lahanin da ciwon suga ke yi wa ido, sakamakon da aka wallafa a 2016 kuma ya yi kyau matuƙa. Da aka kai ta ƙananan asibitoci 11 a Tailan, masu binciken kamfanin da kansu suka je suka zauna suna kallo, kuma sun kyauta da suka wallafa abin da suka gani a 2020. Ana ɗaukar hoton ne a ɗakunan da ba a iya duhunta su yadda ake buƙata, manhajar kuma an saita ta ta ƙi duk hoton da bai fita tas ba, sai ta mayar da kusan kashi 21 cikin 100. Ma'aikaciyar jinya na kallon hoton da idonta tana ganin babu matsala, amma ƙa'ida ta ce a tura mutumin wajen ƙwararre a wani asibiti mai nisa. Ga intanet mai jan ƙafa, layi na ƙara tsawo ana jiran hoto ya hau. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da lissafin daidaito zai nuna.

Sannan akwai batun abin da ke cikin bayanan tun asali. Fayil ɗin asibiti ba don bincike aka rubuta shi ba. An rubuta shi ne don jinya da neman biyan kuɗi, kuma wanda bai samu zuwa asibiti ba babu shi a ciki. A 2019 Ziad Obermeyer da abokansa suka binciki wata manhaja da ake amfani da ita kan miliyoyin mutane a Amurka don zaɓen waɗanda za a ba kulawa ta ƙari. Ba a sa launin fata cikin lissafinta ba. An dai koya mata hasashen kuɗin da za a kashe wa mutum, a matsayin ma'aunin tsananin ciwonsa. Tunda ana kashe wa baƙaƙen fata ƙasa da abin da ake kashe wa farare masu ciwo iri ɗaya, sai ta ɗauka sun fi lafiya. Da aka gyara ma'aunin, kason baƙaƙen fata cikin waɗanda suka cancanci ƙarin kulawar ya tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5. Wani nazari na 2020 kuma ya gano cewa mafi yawan manhajojin gano cuta ta hoto da aka horar da bayanan Amurka, daga jihohi uku bayanan suka fito: Kalifoniya, Massachusetts da New York. Idan cikin ƙasa ɗaya haka abin yake, wanda ke wata nahiya da wasu cututtuka da wasu na'urorin ɗaukar hoto yana da cikakken dalilin neman a sake aunawa a wurinsa kafin ya amince.

Bayanan nan kuma sirrin mutane ne. An daɗe ana zaton cire suna ya wadatar, har Latanya Sweeney ta nuna akasin haka a 1997: ta haɗa bayanan asibiti da aka cire wa suna da rajistar masu zaɓe, ta zaƙulo fayil ɗin gwamnan Massachusetts na lokacin, William Weld. Daga baya ta ƙiyasta cewa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa ta gidan waya sun isa a ware kashi 87 cikin 100 na Amurkawa ɗaya-ɗaya. A Landan, hukumar kare bayanai ta yanke a 2017 cewa asibitin Royal Free ya saɓa doka da ya miƙa wa kamfanin DeepMind bayanan majinyata kusan miliyan 1.6 ba tare da an sanar da su yadda ya kamata ba, duk da cewa manufar ita ce gano ciwon ƙoda da wuri.

Kada wannan ya sa a ɗauka haƙa ba ta cimma ruwa ba ko'ina. Inda aka yi haƙurin yin gwaji na gaskiya, an samu amsoshi da za a iya dogaro da su. A cibiyar lafiya ta Mayo da ke Amurka an raba tawagogin likitoci 120 ta hanyar ƙuri'a, wasu suna ganin sakamakon manhajar da ke duba awon bugun zuciya don gano raunin zuciya da bai bayyana ba, wasu ba sa gani. Cikin mutum sama da 22,000, gano cutar ya tashi daga kashi 1.6 zuwa 2.1. Ƙari ne ɗan kaɗan, amma na gaske ne, a hannun likitoci na yau da kullum.

A Suwidin kuma Kristina Lång ta Jami'ar Lund ta jagoranci gwaji kan mata sama da 80,000 da suka zo hoton binciken sankarar mama. Rabi aka karanta hotunansu kamar yadda aka saba, likitoci biyu kowane hoto. A ɗaya rabin manhaja ce ke fara tacewa, ta ware masu haɗari su samu likitoci biyu, sauran likita ɗaya. Rahoton 2023 ya nuna an gano sankara 6.1 cikin kowace mace 1,000 a rukunin manhajar, 5.1 a ɗayan, yawan waɗanda aka tayar wa hankali a banza bai ƙaru ba, aikin karanta hoto kuma ya ragu da kashi 44 cikin 100. Masu binciken ba su tsaya a nan suka yi shelar nasara ba, domin gano ƙarin sankara ba lallai ya zama alheri ba. Wasu ƙananan ƙulluwa ba za su taɓa cutar da mace ba ko da ba a gano su ba, gano su kuma tiyata ce da fargaba. Babban ma'aunin da suka ɗora gwajin a kai tun farko shi ne yawan matan da aka ce musu babu komai, sannan sankara ta bayyana a jikinsu kafin lokacin hoto na gaba. A lokacin rahoton na 2023 wannan bai ƙirgu ba tukuna, domin sai an shigar da mata 100,000, an kuma bi kowace tsawon shekara biyu bayan hotonta.